Ilimin Ji ko Gyaran Magana: Wane Kwas Ya Dace da Kai, Kuma a Ina?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin ji guda ɗaya ga mutum miliyan. Aiki kam yana nan jibge. Amma kafin a zuba kuɗin makaranta, a san cewa ba kowace takarda mai wannan suna ba ce ke ba mutum izinin duba majiyyaci.

Fannoni biyu ne, ko da yake makarantu da yawa na haɗa su a sashe ɗaya. Masanin ji, wato mai odiyoloji, rabin aikinsa na'ura ce. Zai zaunar da mutum a ɗakin da ƙara ba ta shiga, ya sa masa abin kunne, ya gwada mafi ƙarancin sautin da yake ji daga 250 zuwa 8,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti). Zai auna motsin dodon kunne, ya gwada jarirai suna barci da gwajin OAE da ABR, masu auna yadda cikin kunne da jijiyar ji ke amsa sauti, ya saita na'urar ƙara ji. Wanda lissafi da fiziks ba sa ba shi tsoro zai ji daɗin wannan. Mai gyaran magana kuwa aikinsa zama da mutum ne, mako bayan mako: yaro mai in'ina, ɗan shekara uku da bai fara magana ba, dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi, ko wanda yake ƙwarewa duk sanda ya kurɓi ruwa. Matsalar haɗiya babban sashe ce ta aikin, kuma ɗalibai da yawa ba sa sanin haka sai sun shiga.

Akwai wani bambanci da ya fi shafar mai jin Hausa. Awon ji iri ɗaya ne a Maisur ta Indiya da Maraɗi, shi ya sa ilimin ji yake saurin bin mai shi gida. Gyaran magana kuwa a ɗaure yake da harshe. Wanda ya yi horonsa da Ingilishi zalla zai dawo ya tarar da yaro mai cewa "daki" a maimakon "ɗaki", ko mai rikita "gari" na zama da "gari" na tuwo, alhali littattafansa ba su ce uffan a kan ɓ, ɗ, ƙ, karin sauti ko dogon wasali ba. Idan wannan fannin ka zaɓa, nemi kwas mai ƙarfi a ilimin furuci da na yara masu harshe biyu.

Sai batun inda za a je. A Amurka, masanin ji sai ya yi digirin AuD, wato na dakta a ilimin ji, yawanci shekara huɗu bayan digirin farko. Gyaran magana digiri na biyu ne, da awa 400 na aikin asibiti ƙarƙashin kulawa, sannan jarrabawar Praxis da aƙalla mako 36 na aikin gwaji kafin shaidar ASHA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka. Horon nagari ne, sai dai tsada da tsawon lokaci. A Birtaniya, a fannin gyaran magana, ana iya yin digirin farko na shekara uku ko huɗu, ko digiri na biyu na shekara biyu da ke kai mutum ga rajista da HCPC, hukumar da ke ba masu sana'ar izinin aiki a can. A kula da shingen harshe: hukumar na neman maki 8 a jarrabawar Ingilishi ta IELTS ga masu gyaran magana, ba tare da wani sashe ya gaza 7.5 ba. A kuma kula da kwasa-kwasan shekara ɗaya, domin da yawansu na nazari ne kawai, ba su da lasisi a ƙarshe.

Ga mai neman daidaito tsakanin kuɗi da inganci, Indiya da Afirka ta Kudu sun cancanci a duba su da kyau. Digirin BASLP na Indiya shekara huɗu ne, ta ƙarshen aikin asibiti ce tsantsa, kuma ya haɗa fannonin biyu. A tabbata makarantar na da amincewar RCI, hukumar da ke kula da wannan horo a Indiya. Cikas ɗinsa, majiyyata da harsunan Indiya suke magana. Jami'o'in Pretoria, Wits da Kef Tawun suna yin shekara huɗu, kuma matsalolin da ɗalibi zai gani can sun fi kama da namu: kunne mai zubar ruwa, asibitin karkara, iyayen da ba su da kuɗin na'ura. Jami'ar Gana ma tana da digiri na biyu a fannonin biyu.

A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masu waɗannan sana'o'i rajista, don haka ita za a fara tambaya ko ta amince da kwas ɗin, na gida ne ko na waje, tun kafin a biya ko kwabo. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da fannonin a sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna kuma wuri ne da ɗalibi zai iya neman ganin aikin da idonsa kafin ya yanke shawara.

Duk makarantar da ka nufa, nemi ka shiga ɗakin gwajinsu. Rufe ƙofa ka saurara: idan kana jin janareta, sakamakon ƙananan sautuka ba abin dogaro ba ne. Duba takardar da ke manne jikin odiyomita, wato na'urar awon ji; ya kamata a daidaita ta duk shekara, in ba haka ba ɗalibi zai yi ta koyon kuskure yana zaton daidai ne. Tambayi ɗalibai nawa ke kan na'ura ɗaya, awa nawa kowa ke yi da majiyyaci da hannunsa, ba kallo ba, da wanda ke sa hannu a littafin awannin. Wannan littafi hukumomin rajista kan bincika shi.

Mai sha'awar bincike ya sani AuD ba ya maye gurbin digirin digirgir: ɗaya na asibiti ne, ɗaya na bincike da koyarwa. A nan malami mai duba aiki ya fi sunan jami'a muhimmanci, don haka karanta abin da ya wallafa a shekara biyar da suka wuce, ka tambayi tsofaffin ɗalibansa yaushe suka gama. Batutuwa kuwa ga su a ƙofar gida. Arewacin Najeriya da Nijar suna cikin yankin sanƙarau, cutar da ke kurumtar da yara, har ƙashi kan toshe can cikin kunne idan an yi jinkirin ganowa. Ana kuma buƙatar jerin kalmomin gwajin ji na Hausa da aka auna a kan masu lafiyayyen kunne. Irin wannan aiki yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a, ɗakin naɗar murya mai shiru, da muryar namiji da ta mace, sai a sa kuɗinsu da lokacinsu a lissafi tun ranar rubuta shawarar bincike.