Airmar 220WX a ruwan Kangimi: abin da na gani daga hunturu zuwa damina

Jirgin ruwanmu mai inji yana ɗaukar mutane da kaya a madatsar ruwa ta Kangimi, cikin ƙaramar hukumar Igabi, kuma abin da matuƙi ya fi tsoro a wannan ruwa shi ne iskar da ke riga hadari isowa a farkon damina. Da fari mun sanya irin na'urar auna iskar nan mai kofuna uku da iska ke juyawa, sai dai ƙurar hunturu ta shige cikin ƙarfen da kofunan ke juyawa a kai, har ta riƙa nuna iska ta lafa alhali igiyar ruwa tana dukan jirgi. A ganina wannan ya fi rashin na'ura haɗari, domin matuƙi zai yarda da ƙarya.

Wannan ne ya kai ni ga 220WX, na'urar auna iska da yanayi ta kamfanin Airmar na Amurka. Babu abin da ke juyawa a jikinta. Tana aika sautin da kunne ba ya ji tsakanin ƙananan bakuna da ke ƙarƙashin hularta, ta auna lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya isa, daga nan ta fitar da ƙarfin iska da inda ta fito. Duk tsawon hunturu, goge ta da ƙyalle mai laushi kawai muka riƙa yi.

Na daɗe ina auna ta da ƙanwarta 120WX, wadda ta fi araha. Ita 120WX tana ba da iskar da jirgi ke ji ne kawai, wato iskar gari haɗe da wadda gudun jirgin ya haifar. Ita kuwa 220WX tana da GPS da kamfas a ciki, saboda haka tana cire gudun jirgi ta nuna ainihin iskar da ke kaɗawa a kan ruwa. Wanda allon nuna bayanai na jirginsa ke da GPS da kamfas, kuma yake iya wannan lissafi, ƙaramar ta ishe shi. Namu allon ba shi da kamfas, shi ya sa na biya ƙarin kuɗin, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai saye da dala.

Haɗa ta bai ba da wahala ba, tunda tana aiki da NMEA 2000 da kuma tsohon tsarin NMEA 0183, wato tsare-tsaren da na'urorin jirgin ruwa ke musayar bayanai da su. Mai gyaran lantarkin da na ɗauko daga Kaduna ya tabbatar an toshe kowane ƙarshen babbar wayar da ke haɗa na'urorin da marufinsa mai ohm 120, ya ba ta wuta daga batir mai bolt 12, sannan ya ɗaga ta a kan sanda sama da rumfar jirgin, nesa da ƙarfen da zai iya rikita kamfas.

Ma'aunin matsin iska da ke cikin na'urar ne yake buƙatar bayani. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga teku, don haka matsin wurin yana wajen miliba 940 ne, ba 1013 da aka saba gani a littattafai ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Bayan haka, a ƙasashe masu zafi matsin yana hawa da sauka sau biyu kullum: yakan kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da na dare, ya faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma da na asuba. Wanda ya ɗauki faɗuwar la'asar a matsayin alamar hadari zai riƙa ɗaure jirgi a banza. Hadarinmu daga gabas yake haɗowa, cikin sauri, kuma abin da na lura da shi a allo shi ne iska ta juya ta koma gabas, ƙarfinta ya ƙaru farat ɗaya, zafi ya sauka. A lokacin 'yan mintuna ne suka rage, waɗanda za su isa a nufi gaɓa mafi kusa idan ba a yi nisa ba.

Saboda haka har yanzu matuƙinmu yana duba hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da safe, yana kallon gabas da idonsa, kuma ba ya tashi sai kowa ya sa rigar kariya. Mai ƙaramin kwale-kwalen da ba shi da allo ko batir, gara ya fara kashe kuɗinsa a kan rigunan. Mai jirgin haya da ke ratsa faffaɗan ruwa irin na Shiroro ko Kainji kuwa, ina ba shi shawarar ya sayi wadda ba ta da kofuna.