Ajin dare na tsarin mulkin Najeriya a Zango: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai takardun sun tsufa

Wani tsohon malamin lakol da ya yi ritaya ya buɗe aji a zauren gidansa a unguwar Zango ta Damagaram, nan Nijar, bayan isha'i, ranakun Asabar da Lahadi. Abu guda yake koyarwa: kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da yadda hukumomin tarayya ke aiki. Jikka uku ne na sefa a wata, kuɗin fotokopi daban. Abokan sana'a a Kasuwar Dole sun dame ni da tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa, shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. E, ya cancanta, amma akwai ƙorafi, zan zo kansa.

Ajin gauraye yake. Akwai samari ɗaliban jami'a, da wata malama mai koyar da tarihi, sai mu ƴan kasuwa masu kai wake kasuwar Dawanau ta Kano ko dabbobi Maigatari ta Jigawa. Kowa Mushe yake ce masa, shi kuma mu manya ya ce Alhaji, samarin ya ce yarana.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da dogon Turanci ba. Ya ja layi biyu a allo, ya raba shi gida uku: abin da Abuja kaɗai ke da iko a kai, abin da Abuja da jihohi suka yi tarayya a kai, sai ragowar da aka bar wa jihohi. Daga nan ya riƙa kiran abu, mu kuma mu faɗi gidan da ya dace. Duwan, wato kwastan? Soja? Buga kuɗi? Ma'adinan ƙasa? Shige da fice? Duk gidan farko suka faɗa, cikin jerin abubuwa 68 da kundin ya keɓe wa majalisar tarayya. Da ya kira ƴan sanda, rabin aji suka ce jiha. Ya buɗe sashe na 214 ya karanta: rundunar ƴan sanda ɗaya tak kundin ya yarda da ita a duk ƙasar.

Nan wani dattijo mai sayar da shanu ya ce, "Mushe, kenan lokacin da aka rufe iyaka a 2019, gwamnan Jigawa ba shi da ta cewa?" Mushe ya ce, "Alhaji, sai dai roƙo. Makullin iyaka na Abuja ne." Duk wanda ya sha wahalar wannan rufewar har zuwa Disamban 2020 ya san nauyin amsar.

Mu a nan mun saba da gwamnan da ake naɗowa daga Yamai, a kuma sauya shi ranar da aka ga dama. Saboda haka Mushe ya daɗe a kan gwamnan can: zaɓensa ake yi, shekara huɗu, ba ya wuce wa'adi biyu, yana da majalisar dokokin jiharsa da kasafin kuɗinsa, kuma sashe na 308 ya hana a gurfanar da shi a kotu muddin yana kan kujera. Wani ɗalibi ya tambayi yadda aka yi Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato a 2004. Mushe bai kauce ba, ya kai mu sashe na 305 na dokar ta-ɓaci, ya ce mu karanta da idonmu mu ga abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai. Wannan halin nasa na sa mutum ya duba takarda da kansa, shi ne ainihin abin da kake biya.

Daren da ya fi kowanne daɗi shi ne na lissafin zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Doka ta ce ba ya isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A lokacin jihohi 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya a ɗan ƙasa da kashi 20 cikin 100. Abokin takararsa Awolowo ya ce sai jihohi 13 cur. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta 13, don haka abin da ake nema a Kano kashi ɗaya cikin shida ne na ƙuri'unta. Kotun Ƙoli ta yarda da shi. Mushe ya miƙa alli ya ce a fito a buga. Samarin jami'a suna ta zane-zane, wani mai awon hatsi daga bayan aji ya faɗi amsar da ka. Aka yi ta dariya har mai gidan maƙwabta ya leƙo. Yanzu da jihohi suke 36 lissafin ya faɗa daidai a 24, amma gardamar ta sake dawowa a 2023 kan matsayin Abuja.

To, ga ƙorafin. Fotokopin da ake sayar mana tsohon bugu ne. Babu gyare-gyaren da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, waɗanda suka fitar da layin dogo da gidajen yari daga hannun tarayya kaɗai, suka kuma faɗaɗa ikon jihohi kan wutar lantarki. Malamar nan ce ta gano a salularta. Mushe ya ce, "To, ku gyara da biro." Ni dai ban ji daɗi ba. Wanda ke koyar da doka bai kamata ya raba tsohuwar takarda ba, balle a ce kuɗi aka biya.

Na biyu, kotuna a gurguje aka bi su. Kotun Ƙoli, kotun ɗaukaka ƙara, babbar kotun tarayya, manyan kotunan jihohi, har da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da sashe na 275 ya ba jiha damar kafawa, duk a dare ɗaya. Rabon kuɗi ma haka. An ambaci asusun tarayya da kashi 13 cikin 100 na jihohin da ake haƙo mai, aka wuce. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ko sau ɗaya bai fito ba. Alhali lokacin yana nan, labaran zamansa a Kano ne ke cinye shi. Labaran da daɗi, amma ba su muka zo saye ba.

Majalisa kam ya yi mata adalci: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya na Abuja, wakilai 360, da yadda gyaran kundi ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24.

Kundin da Turanci yake, Mushe ne ke fassarawa da baki, Hausa da ɗan Faransanci. Ba a ba ka komai a rubuce da Hausa, don haka ka zo da littafin rubutu mai kauri. Zauren yana da zafi, benci ba shi da majingina, idan aka ɗauke wuta da fitilar salula ake ƙarasawa. Mai neman takardar shaida kada ya zo, ba a bayarwa. Mai hulɗa da Kano ko Daura, ko mai bin labaran Najeriya a rediyo yana son ya gane wa ke da ikon me, ya biya wata ɗaya ya gwada, amma ya sauke sabon bugun kundin a salularsa kafin ya je, ya bar fotokopin.