Motar yashe salga: cikin gida sun yi aiki, bayan gari kuma da magana

Unguwarmu ta Ali Ɗan Sofo, a Maraɗi, babu bututun da ke ɗauke ƙazantar gida zuwa wata tashar tacewa. Kowa da raminsa. In ya cika, ko dai ka kira masu shebur da bokiti su haƙa rami gindin katanga su binne da dare, ko ka kira mota. Bana mota na kira.

Jikka 20 ta kuɗin sefa direban ya fara yankawa, muka tsaya a 15. Sun zo da hantsi kamar yadda muka yi, wannan kaɗai ya burge ni. Lungunmu matsattse ne, motar ta tsaya bakin hanya suka jona tiyo biyu har bayan gida, ba su fasa mini siminti ba. Ruwa-ruwan sama injin ya zuƙe shi nan da nan. Na ƙasan ne ya ba da wuya: ya daskare, ga yashi, ga leda da tsumma da 'yan haya ke jefawa duk da faɗan da nake yi. Sai da yaron motar ya zuba ruwa jarka huɗu yana dama shi da doguwar gora, hannu ba safa, ƙafa da silifa. Da suka gama suka wanke wurin da girezil, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Nan ba ni da ƙorafi.

Ina biyan kuɗi na ce, "Malam, ina za ku juye shi?"

"Bayan gari, Alhaji. Wani lokaci masu gona ma roƙonmu suke, taki ne."

Wannan amsar ce ta rage musu maki a wurina. Maraɗi bisa tudu take, tun da ambaliyar 1945 ta tashi tsohon gari daga fadama. Abin da aka zubar a sama, ruwan damina ƙasa yake kai shi, cikin Gulbi. Gulbin ya taso daga wajen Jibiya, ya biyo ta Madarumfa, in ya wuce mu sai Tibiri da Gidan Rumji, kafin ya koma Najeriya ya faɗa Rima. A fadamar nan ake noman salati da tumatir da kabejin da muke ci ɗanye, rijiyoyin lambu kuma ba su da zurfi. Wanda ya ga kwalarar 2018 a jihar nan ba zai ji "taki ne" hankalinsa ya kwanta ba. Kashin da bai bushe ya daɗe ba, ƙwan tsutsar ciki na nan da ransa.

Direba ba shi kaɗai ke da laifi ba, man da zai kai shi nesa daga aljihunsa yake fita.

Zan sake kiransu, don sun fi binnewa a lungu inda yara ke wasa. In za ka kira, kira kafin ruwa ya sauka, ku yi ciniki har da na ƙasan, kuma ka leƙa ramin da tocila kafin su naɗe tiyo.