Karatun gida ko lakwal, idan yara sun fara tasawa

Yaya, kin ce shekara biyar ke nan ke da maigida kuna koyar da yaranku a gida nan unguwar Garin Malam a Damagaram, lissafi da Faransanci da safe, malamin allo kuma bayan la'asar. Yanzu babban ya kai 13, ƙanwarsa 9, kina tambaya ko ku ci gaba ko ku kai su lakwal, wato makarantar boko. Ni ma na yi haka da nawa uku, to ga yadda na ga hanyoyin biyu.

Muddin yaro bai wuce shekara goma ba, gida ya fi, ba na ko shakka. Abin da mushe, wato malamin lakwal, zai yi wata yana fama da aji cike kafin ya shiga kan yara, ke a kan tabarma za ki gama shi cikin 'yan kwanaki. Kin san inda ya fahimta, kin san inda yake gyaɗa kai kawai. Ba yajin aiki, ba dawowa tsakar rana a zafin Afrilu, kuma allo ba ya karo da boko.

Sai dai yaro ɗan shekara 13 ba shi ne wanda kika fara koya wa baƙaƙe ba. A nan na sha wuya. Ɗan lakwal in mushe ya yi masa faɗa, gida zai dawo ya samu mai lallashi. Ɗan gida kuwa, wadda ta ja masa kunne da hantsi a kan lissafi ita ce za ta zuba masa tuwo da dare, ba shi da wurin kai ƙara. Nawa ya fara musu a kan darasi, daga nan musun ya bi mu har wajen aike da tashin asuba. Balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba ma iya kira, a ce kullum ke ce a gabansa da alli. Da nawa ya shiga aji, cikin wata biyu ya dawo yana ba ni labari da bakinsa, abin da ya daina tun tuni.

Sai maganar takarda. Tsarinmu shekara 6 ne a firamare, 4 a kwaleji sannan jarrabawar BEPC, 3 a lise, wato babbar sakandare, sannan jarrabawar BAC, kuma Jami'ar André Salifou da ke nan garin BAC za ta tambaya. Gaskiya ne yaron gida yana iya zama jarrabawa a matsayin kandida libir, wato ba da sunan wata makaranta ba, in dai takardar haihuwarsa na nan daidai. Amma wa zai koya masa fizik da shimi da Ingilishi? In kuka ce za ku ɗauko mushe ga kowane darasi, kuɗin sai ya kamo na lakwal mai zaman kanta. Kada kuma a ruɗe ki da cewa a 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa. An yi, mun ji daɗi, amma da Faransanci yaro zai amsa tambayoyin, kuma Faransancin da ake ji daga baki ɗaya kawai ba ya nuna sosai.

Na san abin da ke tsorata ki: abokai, waya, zaman fada. Tsoro ne mai dalili. Amma bango ba ya riƙe saurayi a Damagaram. Ko kin so ko kin ƙi zai fita, kuma gara ya fara zaɓen abokai yanzu da yake dawowa ki ga fuskarsa, da ya fita a 17 bai taɓa gane mai yaudara ba.

Ita yarinyar lissafinta daban ne. A gida karatun ɗiya mace narkewa yake ba wanda ya lura. Pampo ya kawo ruwa tsakar dare, an tashe ta cika jarkoki, darasin safe ya tafi. Gobe baƙi, jibi suna a Birni, gata ki ce ta riƙe miki jariri. Ba mugunta ba ce, ita ce dai a kusa. Ɗiyar da ke lakwal kuwa ƙarfe takwas ta kuɓuce wa kowa, har da ke. In kuma ta kai 14 tana zaune a gida, gwaggonninta za su fara tambayar me ake jira, kuma amsar "tana karatu" ba ta da nauyi in ba su ga tana fita da jaka ba.

Da ni ce, babban zai shiga bana. Ku je wurin darakta tun kafin komawar Oktoba ku ji ajin da zai karɓe shi, in an mai da shi baya da aji ɗaya kada maigida ya ɗauka raini ne. Ƙaramar ta ƙara shekara ɗaya ko biyu a hannunki, da sharaɗin daga takwas zuwa sha ɗaya ba mai aikenta, sannan ta shiga CM2, ajin ƙarshe na firamare, don ta tafi kwaleji tare da sa'o'inta. Malamin allo ku bar shi yadda yake, su duka biyun.