Makilin ko Bekin Soda: Wanne Ne Ke Goge Karce a Tankin Kifi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko makilin ne ya fi ko bekin soda wajen goge karcen da ya ɓata gaban tankin kifinka. Amsar ta danganta da abin da aka yi tankin da shi, gilashi ne ko kuwa robar nan mai kama da gilashi da ake kira akirilik, domin goge karce yana nufin cinye kewayensa a hankali har fuskar ta daidaita da zurfinsa, kuma abu ba ya cin abin da ya fi shi tauri.

A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, gilashi yana wajen 5.5, akirilik wajen 3, bekin soda kuwa 2.5. Yashi yana kai 7, shi ya sa ƙwaya ɗaya da ta maƙale a soson wanki take ja wa gilashi layi daga sama har ƙasa. Saboda haka idan tankinka na gilashi ne, soda ba za ta taɓa shi ba, sai dai ta fitar da dauɗar da ta taru a cikin karcen ya rage fitowa. Makilin ma, duk da garin silika ko alli da ake sa masa don goge haƙori, abin da yake yi wa gilashi kaɗan ne ƙwarai, bai kai wahalar hannun ba.

A kan akirilik lamarin ya bambanta, kuma a nan makilin ya yi wa soda nisa. Ƙwayoyin garinsa sun fi ƙanƙanta da daidaito, don haka idan ka shafa farin makilin, ba mai kama da jeli ba, a tsumman auduga mai ɗan danshi, kana zagayawa da shi a hankali, siraran layukan da farce ba ya jin su za su dushe. Soda tana buƙatar a kwaɓa ta da ruwa, kuma idan kwaɓin bai yi sumul ba takan bar hazo a wurin. Kada kuma a kusanci akirilik da ruwan goge taga mai amoniya ko da sifirit, domin suna sa shi tsattsagewa.

Ta fuskar lafiyar kifi kuwa, soda ce a gaba, kuma wannan ya fi damuna fiye da kyan tankin. Makilin yana ɗauke da sinadarin kumfa da fuloraid da man na'a-na'a, waɗanda ke cutar da matattarar numfashin kifi, alhali ɗan ragowar soda iyakarsa ya rage tsamin ruwa. Idan karcen a waje yake, babu damuwa. Idan a ciki yake, wajibi ne a kwashe kifin, a zubar da ruwan, a ɗauraye tankin sau da yawa kafin a mayar da su.

Kafin komai, ka ja farcenka a kan karcen. Idan ya maƙale, to ya fi ƙarfin kayan gida gaba ɗaya. Akirilik yana buƙatar jiƙaƙƙiyar samfefa, daga lamba 800 zuwa 2000, sannan man goge roba irin Novus. Gilashi kuwa sai garin goge gilashi da ake kira seriyum oksaid da injin gogewa, aiki ne mai cin lokaci, kuma idan aka zurfafa sai wurin ya riƙa karkatar da siffar kifin. Shawarata ga mai tankin gilashi ita ce ya juya ɓangaren da ya karce ya fuskanci bango, musamman da yake karcen ciki yakan ragu a ido da zarar ruwa ya cika shi. Amma idan layin ya kai bakin haɗin silikon, wato gam ɗin da ya liƙe kusurwoyin tankin, ko ya zama tsaga, a sauya tankin, domin nauyin ruwa zai ci gaba da buɗa shi.