NumPy ko MATLAB wajen fitar da lambobi zuwa fayil: amsa ga ƙanenmu na Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya wanne ya fi tsakanin MATLAB da Python, harsunan rubuta umarnin kwamfuta, wajen zuba jadawalin lambobinka a fayil na rubutu don gnuplot, manhajar zana jadawali, ya zana; ɗauki Python, ka yi aiki da NumPy, ɗakin karatunsa na lissafin lambobi.

Da shi na yi aikin digirina na biyu a Dahran, kan yadda zafi ke ratsa jikin bututu. Kowane lissafi jadawali ne mai dubban layuka, amma umarni ɗaya nake rubutawa, np.savetxt, fayil ya fito tsaf. Malamin da ke duba aikina bai taɓa amfani da Python ba, Origin, wata manhajar zana jadawali, ya sani. Da na tura masa fayil ya buɗe, ya ga sunan kowane layin tsaye da ma'auninsa a sama, nan take ya umarci sauran ɗalibansa su riƙa kawo nasu haka. Wallahi na ji daɗi ranar.

Ga inda za ka sa ido. In ba ka gaya wa savetxt komai ba, da %.18e yake rubutu, wato lamba 18 bayan ɗigo. Fayil ya kumbura a banza, ido kuma ba ya iya bin sa. Sa fmt='%.6e', ko '%12.6f' in kana so layukan su tsaya a jere ɗoɗar. Wajen raba lambobi, ni delimiter='\t' nake sawa, ba waƙafi ba, domin wasu kwamfutocin nan da aka saita da Larabci, Excel ɗinsu ba ya raba lambobi a kan waƙafi, sai ka ga komai ya cunkushe wuri guda. Sannan kada ka raina header, wato rubutun da ke saman fayil. Duk abin da ka rubuta a nan, NumPy da kansa zai sa masa # a gaba, shi kuma gnuplot yana tsallake duk layin da ya fara da #. Rubuta ma'auni da ranar gwaji a wurin. Bayan wata shida, lokacin rubuta kundi, shi zai tuna maka ko Kelvin ne ko Celsius.

Iyakar savetxt ita ce jadawali mai fuska biyu, tsaye da kwance. In naka mai fuska uku ne, yanka shi, kowane yanki da fayil ɗinsa. In kuwa zanen tudu da kwari kake so da splot, umarnin gnuplot na zane mai fuska uku, ƙara kalmar matrix bayan sunan fayil.

MATLAB ma yana yi, ba zan hana shi haƙƙinsa ba, musamman writematrix da ya zo a R2019a. Sai dai tsofaffin umarnin da ɗalibai ke gada daga na gaba da su, dlmwrite da csvwrite, lamba 5 kacal suke ajiyewa in ba ka canja ba. Matsin iska 101325.7 zai koma 1.0133e+05, ba wani gargaɗi, zanenka ya fito da matakala inda ya kamata ya tafi sumul. Shi kuma fprintf layin tsaye yake bi, dole ka juya jadawalin kafin ka ba shi. Ga kuma lasisi: na jami'a ne, ranar da ka gama ka koma gida, an rufe.

Ba ka tambaya ba, amma ka ji wannan. Akwai masu tallar "lasisin MATLAB na har abada" kan riyal kaɗan a shagunan kwamfuta da zaurukan intanet. Na sata ne, wasu ma da ƙwayar cuta a ciki, ka ɗora a kwamfutar da duk aikin kundinka yake. Kada ka ba su ko halala. In malaminka ya dage sai MATLAB, je sashen kwamfuta na jami'arku ka tambaya ko suna ba ɗalibai, ko ka sauke Octave, kyauta ne kuma yana karanta yawancin umarnin MATLAB.

Sauke Python yau, ka fitar da fayil ɗaya, ka turo min layuka goma na farko in duba maka kafin ka zana.