Wane Fim na Manoman Japan Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk mai son sayen faifan fim kan yadda birni ke cinye ƙauyukan Japan, shawarata ita ce ya fara da Hadaka no Shima, wanda Kaneto Shindo ya shirya a 1960. Labarin miji da mata ne da 'ya'yansu biyu a wani busasshen tsibiri na tekun Seto, inda kullum sai sun tuƙa kwalekwale zuwa maƙwabcin tsibiri sun ɗebo ruwa, sannan su hau tudu da bokiti biyu rataye a sanda domin shayar da shukarsu. Birnin ba ya bayyana sai ranar da suka je Onomichi sayar da kifi, yaran suka tsaya suna kallon talabijin ta tagar wani kanti, kuma wannan ɗan lokacin ya isa ya nuna irin nisan da zamani ya yi musu. Fim ɗin ya samu babbar lambar yabo a bikin finafinai na Mosko a 1961, amma abin da ya fi ja hankalina shi ne kusan babu magana a cikinsa, don haka mummunar fassara ba za ta iya ɓata shi ba.

Pom Poko na Isao Takahata, na 1994, ya taɓo gina sabon garin Tama New Town a gefen Tokyo kai tsaye, sai dai barkwancinsa ya yi mini yawa. Shi kuwa Omohide Poro Poro na 1991 ya ƙawata noman yankin Yamagata fiye da kima.

Na dage kan batun fassara ne saboda an taɓa cutata. Na sayi wani faifai a intanet da tsada, kwalinsa na sheƙi, ashe jabu ne: rubutun ƙasan hoton na inji ne, yana zuwa bayan an gama magana, hoton kuma a dushe kamar an ɗauko shi daga tsohon kaset. Saboda haka a duba ƙasan faifan, domin na kwafi yakan yi launin shunayya, na asali kuwa ruwan azurfa. A guji mai sayarwa da ya cusa finafinai goma a faifai ɗaya. A kuma tambayi lambar yanki, wato lambar da ke ƙayyade na'urorin wane yanki ne za su iya kunna faifan, kafin a biya, domin DVD na Japan na yanki na 2 ne, na Amurka na 1, alhali Najeriya da Nijar suna cikin na 5, kuma bugun cikin gida na Japan sau da yawa ba ya ɗauke da fassarar Turanci ko kaɗan.